Katin Damaris

A unguwar Romi ta Kaduna, idan ka ce kana neman gidan Damaris Kazah, sai an tsaya ana tunani. Amma ka ce Mama Tafireta, nan take za a nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti wadda gwaiba ta leƙo ta kan katangarta. Gajeriyar mace ce mai tabarau rataye a wuya, tana tafiya da sauri ko da ba inda za ta. Tana da fara'a, tana kuma da baki. Abu ɗaya take tinƙaho da shi a duniya, har fiye da 'ya'yanta huɗu, ko da yake ba ta faɗin haka a gabansu: takarda ba ta taɓa ɓacewa a hannunta ba.

A wani ƙauye kusa da Zonkwa aka haife ta. Tun tana firamare ta ji ƙarar tafireta a ofishin mishan, ta laɓe a taga tana kallon yatsun sakatare har aka shiga aji ba ta sani ba. Ta sha bulala ran nan, amma ta riga ta ga aikin da za ta yi. A Kafanchan ta koyi bugu, a makarantar da ake rufe wa ɗalibi hannu da ƙyalle don kada ya kalli madannai. Shekarar 1976 ta hau jirgin ƙasa ta sauka Kaduna da akwatin ƙarfe ɗaya, ta samu aiki a wata masaƙa a Kakuri. Can ta haɗu da mijinta Sunday, ma'aikacin sashen rini, wanda hannunsa kullum yake da launin atamfar da aka yi a makon.

Ba bugu kaɗai ta koya a masaƙar ba. A rajista aka ajiye ta, ɗakin da fayilolin ma'aikata sama da dubu biyu suke, ƙarƙashin wani Bazazzagi mai suna Malam Isiyaku. Mutum ne siriri mai sanyin murya, amma a kan fayil ba shi da aboki. Kowane fayil yana da mazauninsa a kabad, kuma a gaban kowane mazauni akwai ɗan aljihun kwali. Duk wanda zai ɗauki fayil sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan jan kati, ya zura a aljihun, sannan ya tafi da shi. Wanda ya zo daga baya ya ga jan kati, ya san fayil yana hannun wane, sai ya jira. Ko manaja ne, jira zai yi. Damaris ta taɓa ganin babban manaja tsaye yana ta hura hanci, Malam Isiyaku yana nuna masa katin wani masinja da bakin biro, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ya riga ka."

Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin nan. Da aka zo rage ma'aikata a 1995, ita da Sunday wata guda aka sallame su. Sunday ya koma kiwon kaji a bayan gida. Ita kuwa ta ɗauki tsohuwar tafiretar da aka bar mata, ta kafa tebur a gindin mangwaro a bakin titin Sabon Tasha, tana buga wa mutane wasiƙun neman aiki da takardun haya. Nan ta samu sunan Mama Tafireta. Shekara huɗu tana cin abinci a wurin, har shagunan kwamfuta suka fara buɗewa, masu kawo mata aiki suka rinƙa wuce ta suna sunkuyar da kai kamar sun ci amanarta.

Sai ga 1999, soja suka koma bariki, farar hula ta karɓi mulki. Abin da ba a gaya wa mutane game da mulkin farar hula ba shi ne yawan takarda. Kowa ya zama marubuci. Wannan yana taya kansila murna, wancan yana kuka a kan kwalbatin unguwa, ƙungiyar masu sayar da doya tana son tsarin mulki mai shafi talatin. Oga Chidi, mai shagon kwamfuta a tsallaken titi, aiki ya sha kansa. Yana da kwamfuta biyu da ma'aikaciya ɗaya, Rhoda, mace mai saurin hannu kamar ruwan sama a kan kwano, amma idan aka zo wasiƙar ofis ba ta san kanta da ƙafarta ba. Wata safiya ya tsallako titi ya tsaya a gindin mangwaro.

"Madam, zo ki zauna a ƙarƙashin fanka," in ji shi. "Kwamfuta ai tafireta ce, sai dai tana da talabijin a kanta."

Ta kuwa tafi. Makon farko an sha dariya. Tana dukan madannai kamar sun zage ta, kuma duk ta kai ƙarshen layi sai hannunta ya kai bugu gefe don ya tura kan tafireta, sau biyu tana zubar wa Rhoda da shayi. Amma Rhoda ba ta da riƙo. Ita ta koya mata komai, ta kuma ja mata kunne a kan abu ɗaya.

"Anti, kafin ki tashi ki danna nan, ki adana. In ba ki adana ba, to ba ki yi komai ba."

Damaris ta riƙe wannan magana fiye da yadda aka nufa. Kowane sakin layi sai ta adana. Ko atishawa za ta yi, sai ta adana tukuna.

A watan Satumba babban aiki ya shigo. Wata ikilisiya a Unguwar Boro za ta yi bikin cika shekara ashirin da biyar a Nuwamba, dattawanta suna son a buga littafin waƙoƙin Baba Sylvanus. Shi ne tsohon shugaban mawaƙansu, ya kusa tamanin, idonsa ya fara duhu, amma a kansa akwai waƙoƙi sama da ɗari biyu, wasu da Hausa, wasu da Jju, yaren gidansu Damaris. Ba a taɓa rubuta su ba. Dattawa suna so kowane layi ya zo da do-re-mi a samansa, daidai kan gaɓar da ake rera shi. Manhajar da ake bugu da ita a shagon ta ƙi wannan tsari, da an gyara harafi ɗaya sai duk layin ya goce. Shi ya sa Oga Chidi ya kira Wilfred.

Wilfred magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya yi ilmin kwamfuta a babbar makaranta, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ko rana tana narka kwalta, da taye yake yawo. Kowa Injiniya yake ce masa. Gaskiya dai ya iya aikinsa. Cikin kwana goma ya rubuta wata 'yar manhaja da kansa, wadda take ɗaure do-re-mi a kan kalma ba ya motsi. Ya ja waya tsakanin kwamfutocin biyu, ya ajiye littafin a fayil guda, yadda kowace za ta iya buɗe shi daga kujerarta.

"Aiki biyu a lokaci ɗaya," in ji shi, yana gyara taye. "Baba yana rerawa Mama tana bugawa, Rhoda tana bin na baya tana sa do-re-mi. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

Kowace safiya ɗan acaba yake sauke Baba Sylvanus, ya zauna kusa da Damaris da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shi ba ya iya faɗin waƙa, sai dai ya rera. Shagon ya koma kamar coci, masu jiran hoton takarda suna amshi, har mai gyaran taya na kusa ya haddace waƙa uku. Damaris ba ta taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba. Wasu waƙoƙin tun bakin kakarta rabon da ta ji su.

Ran Talatar mako na biyu ta buɗe littafin da safe, ta ga waƙoƙi huɗu na jiya babu su. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, babu su dai. Baba ya yi dariya ya sake rerawa, har ya ƙara baiti ɗaya da bai tuna ba jiya. Ran Laraba biyu suka ɓace. Ran Alhamis wata waƙar girbi ta ɓace karo na uku, Baba ya daina dariya.

"'Yata," in ji shi a hankali, "ni fa ba kullum suke zuwa mini ba. Wadda ta zo yau, ban san ko za ta dawo gobe ba."

Aka kira Wilfred. Ya duba, ya danna, ya ce manhajarsa lafiyarta lau. Sannan ya dubi Damaris irin duban da ake yi wa tsohuwa a bakin titi, ya ce wanda ya saba da tafireta yakan manta da adanawa, ba laifi ba ne, shekaru ne. Oga Chidi ya ja ta gefe, yana sosa ƙeya.

"Madam, ba faɗa ba ne. Ina girmama ki. Amma dattawan nan za su cinye ni ɗanye. Idan waƙa ta sake ɓata kafin ƙarshen mako mai zuwa, abeg, sai dai ki koma gindin mangwaro."

Ta koma Romi da yamma, abinci ya ƙi ciyuwa. Sunday ya ce ta bar musu shagonsu ta zo su haɗa hannu a kan kaji, ai kaji ba sa ɓacewa a cikin talabijin. Ta ce ba aikin ne yake cin ranta ba. Shekara ashirin da uku tana riƙe takardun mutane, ko kusurwar ɗaya ba ta yage ba, yau kuma a ce ita ce mai ɓatar da waƙoƙin tsoho? Idan ta fita daga shagon nan da wannan suna, da shi za a binne ta. Ta yi fushi, ta kuma ji tsoro, domin can cikin ranta ta fara tambayar kanta ko da gaske tsufa ne.

Ran Litinin ta zo da ɗan littafin rubutu. Ba ta san cikin kwamfuta ba, amma ta san yadda ake neman fayil da ya ɓata: a bi sawun wanda ya taɓa shi. Duk ta adana sai ta dubi agogon bango ta rubuta lokaci. Rhoda kuma tana da wata ɗabi'a, duk ta adana sai ta kaɗa yatsu ta ce "yawwa". Damaris ta rinƙa rubuta lokacin kowace yawwa. Ran Talata Rhoda ta kai ɗanta asibiti ba ta zo ba, kuma ko wasali bai ɓace ba. Ran Laraba ta dawo, waƙa biyu suka tafi. Damaris ta jera lokutan a kan gwiwarta, sai ga abu ya fito fili. Duk waƙar da ta ɓace, an buga ta ne bayan Rhoda ta riga ta buɗe littafin, kuma yawwar Rhoda ta zo bayan adanawarta.

Da wata ce, da ta miƙe ta kai wa Oga littafin ta ce ga mai laifi. Damaris ma sai da zuciyarta ta raya mata haka, ba za a yi mata ƙarya ba. Amma ta tuna shayin da ta zubar sau biyu ba a ce mata komai ba. Ta jira lokacin cin abinci, ta kira Rhoda bayan shago, ta nuna mata. Rhoda ta kalli lokutan, idonta ya kawo ruwa.

"Anti, wallahi ni ma nawa yana ɓacewa. Do-re-min da nake sawa, in dawo in tarar babu. Sake yi nake a ɓoye. Tsoro nake kada Oga ya ce ni ce."

"Yaushe yake ɓacewa?"

"Idan kin adana bayana."

Suka kalli juna, sai dariya ta ƙwace musu, har mai gyaran taya ya leƙo. Ashe mako biyu suna share wa juna aiki, kowace tana kuka a cikinta.

Da Wilfred ya zo washegari, Damaris ba ta yi masa gardama ba. Ta ɗauko farar takarda ta sa a cikin fayil na kwali, ta ce wannan shi ne littafin. Ta yi hotonta biyu a inji, ta ba Rhoda ɗaya ta riƙe ɗaya. Ta rubuta sunanta a kan tata, Rhoda ta rubuta nata a kan tata. Damaris ta je ta cire takardar da ke cikin fayil ta jefa kwandon shara, ta sa tata. Rhoda ta bi bayanta, ta cire wadda ta tarar ta jefa kwando, ta sa tata.

"To Injiniya," in ji Damaris, "buɗe fayil ka nuna mini sunana."

Wilfred ya kalli fayil, ya kalli kwandon shara. Ya daɗe yana kallon kwandon. Ya san gaskiya ce, haka manhajarsa take yi: kowace kwamfuta tana ɗaukar hoton littafin lokacin da aka buɗe, idan an adana sai ta mayar da nata gaba ɗaya a kan abin da ta tarar. Wanda ya adana a ƙarshe shi ke da littafi. A karo na farko tun da aka san shi, ya sassauta taye.

"Mama, a wace makaranta kika koyi wannan?"

"Makarantar Malam Isiyaku, Kakuri."

Ta ba shi labarin jan kati. Ya zaro biro yana rubutu a bayan hannunsa. Ya ce zai sa manhajar ta ajiye wani ɗan ƙaramin fayil kusa da littafin duk lokacin da aka buɗe shi don gyara, da sunan mai buɗewa a ciki. Wanda ya zo na biyu ya tarar da shi, zai iya karantawa amma ba zai iya rubutu ba sai an cire.

"Idan mu biyu muka miƙa hannu lokaci ɗaya fa?" in ji Rhoda. "Ni na duba ba kati, ita ma ta duba ba kati, duka muka sa?"

"Aljihun Malam Isiyaku kati ɗaya yake ci," in ji Damaris. "Ba a dubawa sannan a je neman biro. Zurawa kake yi, in ya shiga naka ne, in ya ƙi an riga ka."

Wilfred ya buga tebur. Ya ce haka ne, dubawa da sawa dole su zama motsi ɗaya, kuma akwai hanyar da ake ce wa kwamfuta ta ƙirƙiri fayil in babu shi, ta ƙi in akwai. Ya suri jakarsa ya yi waje.

"Tsaya mana, ban gama ba," in ji Damaris.

"Na gane, Mama, na gane duka!" Ya riga ya hau acaba.

Abin kuwa ya yi aiki. Idan ɗaya tana ciki, ɗayar ta taɓa, sai rubutu ya fito a allo: Katin wance yana ciki, a jira. Suka raba lokaci, safe na Damaris da Baba, bayan azahar na Rhoda. Mako uku ko ɗigo bai ɓata ba. Oga Chidi bai ce komai ba game da gindin mangwaro, amma bai kuma janye maganar ba. Irin mutanen nan ne da ba da haƙuri yake maƙale musu a wuya.

Ran Alhamis ta ƙarshe, ana gobe maɗaba'a za ta karɓi littafin, saura waƙa shida. Wajen sha ɗaya na safe, Baba yana tsakiyar amshi, aka ɗauke wuta. Aka ta da janareta, kwamfutoci suka farfaɗo. Damaris ta danna littafin, sai allo ya ce: Katin Damaris yana ciki, a jira. Rhoda ta gwada daga nata gefen, amsa ɗaya. Wutar ta tafi kafin manhajar ta cire katin, ga shi ya zauna daram, yana tsare ƙofa da sunan matar da ke zaune a waje.

"Madam, cire katinki mana!" in ji Oga Chidi, gumi yana keto masa.

"Ga hannuna, Oga. Ka ga kati?"

"Amma sunanki ne! Kwamfuta ba ta ƙarya. Ke kika kawo wannan wahala ta kati. In littafin nan bai fita gobe ba, ni da ke duka mun shiga uku, kuma ke za ki fara shiga."

Baba Sylvanus ya ce shi dai a rayuwarsa bai taɓa ganin mutum ya kulle kansa a waje yana kuma ciki ba. Kowa ya yi dariya ban da Damaris. Ta ga sunanta a allo da manyan haruffa, an sake ɗora masa laifi. Lokacin ba wayar hannu. Aka aika gidan Wilfred, matarsa ta ce yana gonarsu a Kakau, karyar masara yake, sai Asabar. Damaris ta ɗaura ɗankwali, ta ce wa Baba ya riƙe waƙoƙinsa shida da kyau, ta fita.

Ta hau bas ta hanyar Abuja, ta sauka Kakau, ta hau acaba har inda hanya ta ƙare, sauran ta taka. Ta same shi tsakiyar masara da tsohuwar singileti, ba taye, ba jaka. Da ya gan ta sai da buhu ya faɗi daga kafaɗarsa.

"Mama! Lafiya?"

"Sauran maganata na kawo maka, wadda ka gudu ka bari. Zauna."

Ya zauna a kan buhu. Ta ce a rajista yakan faru mutum ya sa kati, a mayar da fayil, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi ko a yi masa canjin wurin aiki, kati ya zauna ba mai shi. Malam Isiyaku ba ya barin kowa ya zare katin wani don kawai ya gaji da jira. Amma ba ya kuma barin kati ya tsufa a aljihu. Aikawa yake a dubo: mai sunan nan yana cikin ma'aikata yau? Fayil ɗin yana kan teburinsa? In an ce yana nan yana aiki, ko kwana nawa ne a jira shi. In an ce ba ya nan, shi Malam da hannunsa yake zarewa.

"Kana tsammani don ado ake rubuta suna da kwanan wata?"

Wilfred ya dafe kai. Ya ce wato katin ya kamata ya ɗauki sunan kwamfutar da lokacin da aka sa shi, manhaja kuma in ta tarar da kati ta tambayi waccan kwamfutar ko har yanzu littafin yana buɗe a wurinta. In ta ce e, a jira. In ta ce ita tun bayan wannan lokacin ta mutu ta tashi, ba ta riƙe da komai, sai a zare.

"Ka ga da ka tsaya ran nan, da ban ɓata takalmina ba," in ji ta.

Haka ya biyo ta da taɓo a ƙafa, da ɗanyar masara goma da ya cusa mata a jaka don kunya. Kafin la'asar ya cire tsohon katin, ya kuma gyara manhajar. Baba ya rera waƙoƙinsa shida a jere ba tuntuɓe. Ran Juma'a da hantsi littafin ya tafi maɗaba'a, waƙa ɗari biyu da goma sha ɗaya, ba wadda ta ɓata.

Da motar maɗaba'a ta tashi, Oga Chidi ya tsaya a tsakiyar shago, gaban Rhoda da Baba da masu jira, ya yi gyaran murya har sau uku.

"Madam, na yi miki kuskure. Ki yafe."

"Na ji," in ji Damaris. "A juyo da fankar nan ta kalli wajena."

Shekara takwas ta ƙara a shagon, fanka tana kallonta. Littafin Baba Sylvanus ya shiga hannu, mawaƙan wasu coci-coci suka ce su ma sai an buga nasu. Manhajar Wilfred ta bi faifai daga shago zuwa shago, Sabon Tasha, Kakuri, Unguwar Boro, wani ya kwafa wa wani. Akwai wurin da ake sa sunan mai aiki a cikinta, amma wa ke da lokacin wannan? Kowa ya bar sunan da ya tarar. Damaris ba ta san haka ba, don ita shagonta kawai ta sani.

Bayan ta ajiye aiki, wata ranar Laraba, zumuntar matan cocinsu suka ba ta waƙa biyu ta kai a ƙara a littafinsu. Gwiwa ta fara ciwo, ba ta son hawa mota, sai ta taka zuwa wani sabon shago nan cikin Romi inda ake buga musu littafin, amma ba a san ta ba. Ma'aikaciyar ta karɓi takardar, ta danna, ta ja tsaki.

"Kai, wannan Damaris ɗin! Mama, yi haƙuri, sai mun ɗan jira. Damaris ta riƙe littafin."

Damaris ta ɗaga tabarau ta sa. Ga shi nan a allo, harafi bai canza ba. A ɗaya kujerar wata tana ta bugu, ba ta ma san ana magana ba.

"Wace ce Damaris?" ta tambaya.

"Wa ya sani, Mama? Tun da na zo shagon nan take tsare mu. Na ce wa Oga a cire ta, ya ce kada in kuskura. Wai tun da aka sa ta, waƙa ba ta taɓa ɓata a shagon nan ba."

Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki. Ta tuna Malam Isiyaku da bakin bironsa, ta tuna ranar da abinci ya ƙi ciyuwa. Ta so ta ce ita ce Damaris ɗin, ta fasa. Ta cire tabarau ta goge da bakin zane, ta jawo benci ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Ba komai, 'yata," in ji ta. "Mu jira ta."